Shin Abin da Aka Ba Ku Ya Isa? Nasiha ga Masu Shirin Zana GMAT

Ƙannena maza da mata da kuka gama digiri na farko, kuka yi hidimar ƙasa, yanzu kuma hankali ya karkata ga digiri na biyu a fannin kasuwanci a ƙasar waje: akwai wata irin tambaya da ke jiranku a jarrabawar GMAT, wadda ba ku taɓa cin karo da irinta a WAEC ko NECO ko JAMB ba. Tun daga firamare an saba mana da a ba mu lissafi, mu nemo amsa, mu ja layi a ƙarƙashinta. Ita wannan ba ta damu da amsar ba. Za a yi muku tambaya guda, a jera bayani biyu a ƙasanta, sannan a ce ku faɗa ko abin da aka ba ku ya isa a yanke magana, ko bai isa ba. A jikin jarrabawar sunanta Data Sufficiency, mu a nan za mu kira ta tambayar isar bayani. Babu kuma inda ta fi kayar da masu ƙoƙari kamar inda aka haɗa ta da lissafin rashin daidaito, wato inda ba a ce x daidai yake da kaza ba, sai dai a ce ya fi kaza, ko bai kai kaza ba.

Bari in fara share fage, don na lura da yawanku da tsofaffin littattafan da yayyenku suka bari kuke shiri. Jarrabawar ta wata ƙungiya ce a Amurka da ake kira GMAC, kuma tun 1954 ake zana ta. Manyan makarantun koyon kasuwanci irin ta Harvard, da London Business School, da INSEAD ta Faransa suna karɓar sakamakonta, ko da yake akasarinsu yanzu suna karɓar na wata jarrabawar da ake kira GRE ma. A Nuwamban 2023 aka fito da sabon tsari, tsohon kuma aka rufe shi a ƙarshen Janairun 2024. Yanzu sashe uku ne, kowanne minti 45: lissafi tambaya 21, fahimtar rubutu da auna hujja tambaya 23, sai nazarin bayanai tambaya 20. Maki kuma daga 205 ne zuwa 805. Tambayoyin isar bayani a da cikin sashen lissafi suke, yanzu an kwashe su an mayar sashen nazarin bayanai, suna zaune tare da masu jadawali da zanen alƙaluma. In kun raba minti 45 gida 20, kowace tambaya ta tashi da minti 2 da daƙiƙa 15. A wannan sashe akwai kalkuleta a jikin allon kwamfutar, amma kada ku sa rai da ita. Ba ta san amsar tambayar da za ta dame ku ba.

Zaɓin amsa biyar ne, kuma ba sa canzawa. A na nufin bayani na ɗaya shi kaɗai ya isa, na biyu bai isa ba. B akasin haka ce. C na nufin babu wanda ya isa shi kaɗai, amma in an haɗa su sun isa. D na nufin kowanne shi kaɗai ya isa. E kuwa, ko an haɗa su ba su isa ba. Ku haddace su tun a gida. Wanda ya shiga ɗakin jarrabawa yana sake karanta su a kan kowace tambaya, lokacinsa yake zubarwa.

Ku ɗauki kanku a matsayin alƙalin da aka kawo wa ƙara da shaidu biyu. Alƙalin kirki yakan saurari na farko shi kaɗai, ya tambayi kansa ko maganarsa ta isa a yanke hukunci. Sannan ya fitar da shi waje, ya shigo da na biyu, ya saurare shi kamar bai taɓa jin na farkon ba. Sai kowannensu ya gaza ne zai haɗa maganganun. Kuma ba ya ƙara ko kalma ɗaya daga aljihunsa. Abin da shaida bai faɗa ba, ba a faɗe shi ba ke nan. In na farko ya isa, amsarku ko A ce ko D. In bai isa ba, ku soke waɗannan biyu, ya rage B da C da E. Wannan ɓangaren mai sauƙi ne, mako guda ya ishe ku ku saba da shi. Mai wuyar shi ne hana kai ƙara magana daga aljihu, kuma a kansa nake son in daɗe.

Ga tambaya. Shin x ya fi y? Bayani na ɗaya: x/y > 1. Bayani na biyu: y > 0.

Na sha zama kusa da matasa masu kaifin ƙwaƙwalwa, wasu injiniyoyi wasu akantoci, ina kallon hannunsu a kan wannan tambayar. Biro ba ya ko tsayawa. Ya ninka ɓangarorin biyu da y, ya rubuta x > y, ya ɗago kai ya ce, “Yaya, A ce.” Sai in ce masa, “To, wa ya gaya maka y sama da sifili yake?” Sai ya yi shiru, ya koma ya ƙura wa takardar ido. Babu wanda ya gaya masa. Ko dai ya ɗauko shi daga bayani na biyu tun lokacinsa bai yi ba, ko kuma zuciyarsa ce ta ba shi. Ku sa x ya zama 3, y ya zama 2: rabon ya ba da 1.5, ya fi 1, kuma x ya fi y. Amsa e. Yanzu ku sa x ya zama −3, y ya zama −2: rabon har yanzu 1.5 ne, bayanin bai karye ba, amma −3 yana ƙasa da −2. Amsa a'a. Bayani guda ya haifi e ya haifi a'a, saboda haka bai isa ba. Na biyu shi kaɗai bai ce komai a kan x ba. Sai an haɗa su ne ninkawar da yaron ya yi take halatta, domin yanzu an san y sama da sifili yake. Amsar C ce.

Kowa ya haddace a sakandare cewa in ka ninka ko ka raba da lambar da ke ƙasa da sifili, bakin alamar yakan juya. Kaɗan ne aka nuna wa dalili. Ku zana layin lambobi, sifili a tsakiya. 2 tana hagu da 3, don haka 2 < 3. Ku ninka su duka da −1. Kowace ta tsallaka ɗaya gefen, wadda ta fi nisa da sifili ta dama ta zama wadda ta fi nisa ta hagu: −3 yanzu tana hagu da −2. Layin ne gaba ɗaya ya kife. In kun ga wannan da idonku sau ɗaya, hannunku zai riƙa dakatawa da kansa duk lokacin da zai ninka da harafin da ba ku san gefensa ba. Alamomin nan biyu, > da <, sun fara fitowa a bugu ne cikin littafin Thomas Harriot, masanin lissafi ɗan Ingila, a 1631, shekara goma bayan rasuwarsa. Kusan shekara 400 ke nan, har yau ɗalibai na yi musu mu'amalar alamar daidai, suna tsallakar da komai ta kansu ba tare da sun duba ba.

Hausawa na cewa zato zunubi ne ko da ya zama gaskiya. Zaton da ya fi cin mutane a nan shi ne ɗaukar x a matsayin lamba mai ladabi irin 2 ko 5 ko 10. In tambaya ba ta ce x cikakkiyar lamba ce ba, to yana iya zama rabi, ko sulusi, ko sifili, ko −7. Shi ya sa nake so ku riƙe wasu lambobi a ka, ku riƙa jarraba kowane bayani da su: −2, −1, −½, 0, ½, 1, 2, sai wata babba can nesa. Ba da ka aka zaɓo su ba. A wajen −1 da 0 da 1 ne lambobi ke sauya hali. Kun saba in an ninka lamba da kanta ta ƙaru: 3 sau 3, 9. Amma rabi sau rabi rubu'i ne, ta ragu. Sifili sau sifili yana nan inda yake. −2 sau −2 ta tsallaka ta koma 4.

Mu gwada da wannan. Shin x ya fi 1? Bayani na ɗaya: x² < x. Bayani na biyu: x > 0.

Wace lamba ce in an ninka ta da kanta take raguwa? 2 ba ta shiga ba, 1 ba ta shiga ba, 0 ma haka, −1 ta ba da 1, ba ta shiga ba. Rabi ya shiga. Ku mayar da komai gefe ɗaya: x² − x < 0, wato x(x − 1) < 0. Abu biyu in an ninka su suka ba da ƙasa da sifili, dole ɗaya yana sama ɗaya yana ƙasa, kuma hakan ba ya faruwa sai x na tsakanin 0 da 1. To shin x ya fi 1? A'a, bai fi ba, kuma ba zai taɓa fi ba. A nan da yawa suke tuntuɓe. Suna ganin a'a sai su rubuta “bai isa ba”. Ku tsaya ku duba abin da aka tambaye ku. Ba a ce ku tabbatar x ya fi 1 ba, cewa aka yi shin za a iya sani. An kuwa sani. A'a tabbatacciya amsa ce cikakkiya, darajarta ɗaya da e tabbatacciya. Abin da bai isa ba shi ne “wani lokaci e, wani lokaci a'a”. Bayani na biyu irin wannan ne: rabi ya ce a'a, 5 ta ce e. Amsar A ce.

Ku lura da abin da muka yi a can. Mun fara da gwada lambobi, muka ƙarasa da aljabara, kuma da dalili. Gwada lambobi yana da iko guda: yana iya nuna cewa bayani bai isa ba, da zarar kun samu e ɗaya da a'a ɗaya. Ba ya iya tabbatar da cewa ya isa. Lamba uku su ce e ba hujja ba ce, wataƙila ta huɗun da ba ku taɓa ba ita ce za ta ce a'a. Don haka in kun samu e ta farko, kada ku ci gaba da neman wata e. Ku zauna ku yi farautar a'a da gangan. In kun neme ta ta ko'ina ba ku same ta ba, sai ku tambayi kanku me ya hana ta samuwa. Dalilin da kuka gano shi ne hujjarku.

Sai dai kuma akwai ciwon da ke kama wanda ya warke daga na farko. Ya ji tsoron raba lissafi da harafi har ya daina yi ko inda ya halatta. Shin x ya fi 1? Bayani na ɗaya: x³ > x². Bayani na biyu: x > 0. Ɗalibin da ya sha wuya a baya zai ce, “Ba zan raba ba sai na san gefen x, ga shi kuwa na biyu ya faɗa mini, amsa C.” Tarkon ke nan, kuma na ƙwararru ne. Da x² za ku raba, shi kuwa x² ba ya taɓa sauka ƙasa da sifili. Saura tsoro ɗaya, kada ya zama sifili. Amma in x sifili ne, bayanin zai koma 0 > 0, wanda ƙarya ne, don haka bayanin da kansa ya kori sifili. Ku raba hankali kwance: x > 1. Na ɗaya ya isa shi kaɗai, amsa A. A ra'ayina duk lokacin da C ta zo muku da sauƙin da ya yi yawa, bayani na biyu ya miƙo muku daidai abin da kuke nema kamar an aiko shi, ku koma ku sake duba na ɗaya ko bai riga ya ƙunshi abin ba.

Wani wurin da nake son ku gani kusa-kusa shi ne haɗa bayanai biyu. A ce na ɗaya x + y > 10, na biyu x − y > 2. In tambayar ita ce shin x ya fi 6, kowanne shi kaɗai bai isa ba, amma bakinsu gefe ɗaya yake kallo, don haka ana iya tara su: y ta kashe −y, ya rage 2x > 12, wato x > 6. Amsa C. Yanzu ku bar bayanan yadda suke, ku sauya tambayar: shin y ya fi 4? Hannun da ya saba da lissafin daidaito zai ɗebe na biyu daga na ɗaya, ya samu 2y > 8, ya ce C. Ba a yin haka. Ku sa x ya zama 20, y ya zama 10: jimla 30, bambanci 10, duka sun cika, y ya fi 4. Ku bar x a 20, ku sa y ya zama 1: jimla 21, bambanci 19, duka sun cika, y bai kai 4 ba. Amsa E. Ɗebewa ninkawa ce da −1 a ɓoye, kuma mun riga mun ga abin da −1 ke yi wa bakin alama. Masu kallon gefe ɗaya ana tara su, ba a ɗebe su.

Sau da yawa tambayar ba za ta zo da x da y tsirara ba, cikin labari za a lulluɓe ta, kuma labarin yakan ɓoye sharaɗi. Wani kamfanin sufuri ya sayi motoci. Guda nawa ne? Na ɗaya: da an ninka adadin sau uku, da ya haura 20. Na biyu: da an ninka shi sau biyu, da bai kai 16 ba. Na ɗaya ya ce adadin ya fi 6 da sulusi biyu, na biyu ya ce bai kai 8 ba. Tsakanin nan lambobi ba sa ƙirguwa, sai dai ba a sayen rabin mota, don haka 7 ce kawai, amsa C. Da a ce litar man fetur ake tambaya, 7 ta shiga, 7.5 ma ta shiga, amsar ta koma E. Kalma ɗaya a cikin labarin ta sauya komai. Haka nan ku kula da bakin iyaka: “bai gaza 5 ba” ya haɗa da 5 ɗin kanta, “ya fi 5” bai haɗa ba. In bayani ya ce x ≥ 5, aka tambaye ku shin x ya fi 5, bai isa ba, saboda lamba ɗaya tak.

Kafin ma ku kalli bayanan, ku ɗan ɓata daƙiƙa goma a kan tambayar kanta, ku rage mata kaya. In an ce shin matsakaicin x da y ya fi x, wato (x + y)/2 > x, ku ninka da 2, ku ɗebe x, za ku ga y > x kawai ake tambaya. Sannan ku sani bayanan biyu ba sa taɓa ƙaryata juna. In na ɗaya ya kai ku ga x ƙasa da sifili, na biyu ya kai ku ga x ya fi 3, a lissafinku matsalar take, ku koma baya.

Wasu na ganin wannan duk wasan wasa ƙwaƙwalwa ne da aka ƙirƙiro don a tace mutane. Ni ban yarda ba. Makarantun nan manajoji suke horarwa, mutanen da gobe za a ajiye wa rahoto biyu a tebur a ce su sa hannu a kan kuɗin jama'a. Wanda ya sa hannu alhali bayanin bai isa ba ya jawo asara. Wanda ya ƙi sa hannu yana jiran ƙarin bayani alhali na gabansa ya wadatar, shi ma ya jawo asara, ta lokaci. Tambayar x/y ta kama na farko, ta x³ ta kama na biyu. Ko da Allah bai nufe ku da zuwa waje ba, wannan tarbiyyar ba za ta tashi a banza ba.

Game da shiri kuwa, ku samu littafin rubutu guda ku keɓe shi don tambayoyin da kuka faɗi. Kada ku rubuta amsar da ta dace kawai, wannan ba ya koyar da komai. Ku rubuta abin da kuka zata wanda ba a ba ku ba: “na ɗauka y sama da sifili yake”, “na manta da rabi”, “na shigo da na ɗaya cikin na biyu”. Bayan 'yan makonni za ku ga abu biyu ko uku ne ke ta maimaita kansu, kuma na kowa daban. In kuna da abokin karatu, ku raba aiki: ɗaya ya ce ya isa, ɗayan ya nemo lambar da za ta ƙaryata shi. GMAC tana ba da cikakkun jarrabawar gwaji guda biyu kyauta a shafinta na mba.com, kada ku ƙone su a makon farko, ku ajiye ɗaya sai dab da ranar. Kuɗin rajista ya haura dala 200, kuma kun fi ni sanin abin da wannan ke nufi a naira, don haka ba jarrabawar da ake shiga don a ɗanɗana ba ce. A ranar kuma, in tambaya ta riƙe ku ta wuce minti uku, ku soke abin da ya soku, ku zaɓa, ku sa mata alama ku wuce. Sabon tsarin ya yarda ku dawo a ƙarshen sashe ku sauya amsa har guda uku, in lokaci ya rage.

Ga ɗaya ku yi da daren nan, da biro da takarda, kada ku taɓa waya. Shin 1/x ya fi 1/y? Bayani na ɗaya: x < y. Bayani na biyu: xy > 0. A na ɗaya ku fara da 2 da 3, sannan ku gwada −2 da 3 kafin ku ce komai. A na biyu ku gwada 2 da 3, ku juya su su zama 3 da 2. In kun kai ga haɗawa, ku raba x < y da xy, ku rubuta a gefe dalilin da ya sa wannan karon aka yarda ku raba.